Igiyar Jar Karsana

Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan ba ita ba ce. Abu ne da hannuna ya aikata.

Ina da ƙawa Bafulatana, rugarsu na bakin daji, gaba da Randagi. Shekara da shekaru tana kawo mini nono, ina auna mata dawa. Da daji ya ƙi zaunuwa suka ɗaure kaya za su yi kudu, sai ga ta a ƙofar gidana, tana jan wata jar karsana mai ɗingishi.

"Ƙawa, wannan ba za ta iya tafiya ba. Uwata ce ta ba ni uwarta. Riƙe mini."

Na ce, "Ni da ko akuya ta raina ni?"

Ta yi dariya. "Na sani, manomiya. Yankan ciyawa dai kin iya. Abu ɗaya ne: kaska. Kullum da safe ki duba kunne, ki duba hantsa, ki ɗaga wutsiya. Ki cire da hannu, ki jefa a wuta. Kada ki nemi gajeriyar hanya."

Haka na yi duk rani. In na tsuguna ina cira, carki, tsuntsayen nan masu bin shanu, su sauka a gadon bayanta suna tsince nasu rabon. Ni a ƙasa, su a sama. Ɗingishi ya warke, gashi ya kwanta.

Sai damina ta zauna. Kaska ta fito daga ciyawa kamar an shuka ta. In cire goma da safe, in tarar da ashirin da yamma. Ga noma na jira, ga ƙugu na ciwo, ga ido ya fara hazo.

Wata safiya na ga kwalbar maganin feshin wake da maigida ya rataye a zaure. Na ce a raina, abin da ya kashe tsutsar wake, kaska ce za ta gagare shi? Ban tambayi kowa ba. Na tsiyaya a tsohuwar ƙwarya, na ƙara ruwa kaɗan, na sa tsumma na shafe karsanar tun daga wuya har wutsiya.

Kaska ta zubo kamar gero. Wallahi har na yaba wa kaina.

Kafin azahar karsana ta lashe jikinta. Yawu ya fara dalala, ƙafafu na rawa. Na ɗura mata manja, na ɗura mata dakakken gawayi. Kafin la'asar ta miƙe ƙafa. Ko naman bai ciwu ba, rami muka haƙa mata. Washegari na tsinci carki biyu a gindin durumi, sun bushe.

Damina biyu ta wuce kafin ƙawata ta dawo. Ta yi sallama, idonta na kan turke. Ta ce shanunsu sun ƙare a hanya, wannan kaɗai ta sa rai a kai.

Na so in ce maciji ne. Maigida ma abin da ya ce in faɗa ke nan. Amma na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Igiyar tana nan?"

Na ɗauko mata. Ta naɗe ta a hannu, ta ce, "Allah ne mai rabo, ƙawa." Ruwan da na kawo mata ta sha. Dawar da na ɗebo mata, ta bar ta a bakin ƙofa.