Igiyar Auna But

Yau Lahadi na rako ƙanwata Maribel kasuwar motocin Tonalá. Yarinyar da na goya ce za ta sayi motar kanta, bakina ya ƙi rufuwa. Tana can tana gwada birki, ni kuma idona ya maƙale a kan wani mutum a layin gaba.

Dogo ne mai furfura tsilli-tsilli, baƙin mai ya zauna a faratansa kamar da shi aka haife shi. Ya buɗe but ɗin wata 'yar farar mota yana aunawa da igiya. Matarsa na tsaye da tsohon ciki, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Fermín, wurin keken jariri kake aunawa, ko na kayan injin a-kori-kurar babanka?"

Ya ci gaba da aunawa. Na san irinsu: tsohuwar mota a tsakar gida bisa bulo, shekara da shekaru, kullum saura kaɗan ta tashi.

Dillalin ya matso yana murmushi. "Maigida, ba ni tsohuwar a-kori-kurar, ka tuƙa wannan zuwa gida yau. Ba ciko."

Mutumin yana ta naɗe igiyar a yatsa.

"Ni dai ba zan haihu a bas ba," in ji matar a hankali.

Ya rufe but ɗin, bai kalli kowa ba.

"Gobe ku zo ku ɗauki tsohuwar. Amma ku bari sai na fita aiki."