Shekarar da Aka Duba Ni Sau Bakwai

A garinmu babu abin da ba a aika wa wakili. Ɗaurin aure wakili, gaisuwar mutuwa wakili. In Nasara ya ce a ba da mutum goma gyaran hanyar Rogo, mai hali ba ya zuwa, sai ya auna wa wani dawa ya je ya sha rana a madadinsa. Haka muka taso muka tarar. To da aka ce a kai mata asibiti a duba su, mazan garinmu ba su wahalar da kansu da dogon tunani ba.

Lokacin Nasara yana nan, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsa. Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Karaye, ta wajen Kurugu. Ni kuwa na haura arba'in, na binne miji da 'ya'ya huɗu, ina soya ƙuli-ƙuli ina kaiwa kasuwa. Babu mai kulle ni, babu mai tambayar inda na je.

Bayan an cire gyaɗa mai shela ya zagaya gari. Ya ce wata Baturiya, likitar mata, za ta sauka a ɗakin shan magani na Karaye mako guda. Kowane gida a kawo matar gida a duba ta. Kyauta ne, kuma duk shekara za a riƙa yi.

Maza suka taru a ƙofar dagaci. Wani ya tambaya a duba ina. Aka raɗa masa a kunne, ya yi salati ya riƙe gemu. Mutanen da matansu ke haihuwa a durƙushe ba su taɓa tambayar yadda aka ƙare ba sai dai mace ce ko namiji, yau su ne kunya ta kama. Sai dai umarni daga hakimi ya fito, dagaci kuma yana son rawaninsa.

Ya aika aka kira ni.

"Ke ba ki da mai tsawata miki," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, Allah ya karɓi abinsa."

"Za ki je wa gidaje. Kowane gida dawa kwano biyu."

"Uku, ranka ya daɗe. Hanyar Karaye ba ta san sarauta ba."

Mu uku aka samu, ni da wasu tsofaffi biyu, muka raba garin. Gida bakwai ya faɗo mini. Kowane gida ya ba ni zanen matar gidan in yi lulluɓi da shi, kamar ciwon a jikin zane yake kwana. Na ɗaure su a ƙunshi, na sauka gidan wata 'yar'uwata a Karaye, kullum da safe in sake zane in shiga layi.

Ɗakin ba shi da girma. Gado ɗaya mai tsawon ƙafa, da tocila, da wani ƙarfe mai baki kamar na agwagwa. Sanyinsa ban manta ba. Baturiyar takarda take kallo fiye da fuska, in ta ɗago kai kuwa ba fuskar take dubawa ba. Mai yi mata tafinta wata malamar asibiti ce, yarinya 'yar kudancin Zariya, mai kaifin ido. Ita ke tambaya, matar wa, haihuwa nawa. Ranar farko haihuwata uku. Kashegari tara. Ran Talata ma har amarya na zama.

Rana ta huɗu malamar ta tsaya tana kallon wani tsohon tabo da ke cinyata, inda mai ya taɓa ƙona ni.

"Inna, matan garinku duk tabo ɗaya gare su a cinya?"

"Wanzaminmu ɗaya, 'yar nan."

Ta cije leɓe, ta rubuta abin da za ta rubuta. Kullum a ba ni kati, kullum magana ɗaya, lafiya lau. Garinmu ya zama garin da mata ba sa ciwo. An ce har hakimi ya yaba wa dagaci.

Gida na bakwai gidan ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta. Mijinta, Malam, shi ne magatakardan dagaci, mutum ɗaya a garin da ke karanta boko, kuma ba ya barin kowa ya manta. Da na je karɓar zanenta ta ja ni ƙuryar ɗaki.

"Yaya, jini yana zo mini ba lokacinsa ba."

"Da yawa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Tsufa ne ke leƙo ki. Ki jiƙa saiwa ki sha."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na ɗauki zanenta na je na kwanta a madadinta. Na kawo kati, Malam ya karanta da ƙarfi a zaure har da gyaran murya, ya ninke ya sa a adaka. Ya auna mini kwano uku, ya shafe bakin kwanon da hannu kada ƙwaya ta yi tozo. Na yi tuwo da ita na ci.

Kafin shekara ta zagayo ƙanwata ta rame, wuya ya fito. Tana wanke tsummoki a ɓoye tana shanyawa a bayan rumbu. In ka zauna kusa da ita za ka ji abin da turare bai rufe ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya yi ƙaho a ƙugu. Duk wanda ya ce asibiti, Malam sai ya buɗe adaka. Ga takardar Nasara, ta ce lafiya lau. Sammu ne kawai.

Mai shela ya sake zagayowa. Gida shida suka auna mini dawa tun kafin in tafi, suka ba ni zannuwa. Na zo na bakwai.

"Yaya, bana ma ke za ki je mana," in ji Malam.

"Bana da mai zanen nake so."

"Iyalina ba sa kwanciya a gaban Nasara."

"Ai mace ce, Malam."

"Ko macen ce."

Ban ja da shi ba. Kashegari da sassafe na dawo ina share ido, na ce gwaggonmu ta Tudun Kaya ta rasu. Gwaggon nan ta yi shekara goma a kabari, amma Malam bai taɓa sanin dangin matarsa ba sai ranar da za a kawo gara. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce maza a je, zumunci wajibi ne. Har jaki ya ara mana. Matar da ba za ta fita neman rai ba, ga ta ta fita gaisuwar gawa da izinin miji.

Malamar asibiti na ganina ta yi murmushi.

"Inna, yau kuma matar wa ce ke?"

"Yau yayar wannan ce."

Ta dubi ƙanwata, murmushin ya tafi. Sun daɗe a kanta, ba kamar ni da ake sallama kafin ƙarfen ya yi ɗumi ba. Baturiyar ta buɗe littafinta na bara, ta dubi littafi, ta dubi mai kwance, ta yi magana da sauri.

"Tana cewa bara an duba matar nan ba a ga komai ba," in ji malamar, ba ta kalle ni ba. "Abin nan kuwa ba na wata ɗaya ko biyu ba ne."

Na ɗage zanena na nuna tabon.

"Gaya mata ni aka duba."

Ta gaya mata. Baturiyar ta yi jawur har kunne, ta yi ta faɗa da yarensu. Ban nemi a fassara mini ba, na san abin da na ci. Da ta gama malamar ta ce ciwon daji ne a bakin mahaifa. Sai Kano, babban asibiti, kuma kada a kwana biyu.

"Da bara ne fa?" na tambaye ta.

"Da bara ne, Inna, da ƙarami ne."

Kyautar Nasara a nan ta tsaya. Dubawa kyauta, amma motar Kano ba ta san kyauta ba, mai jinya kuma ba iska take ci ba. Malam da ya ji, ciwon bai dame shi kamar ƙaryar gwaggo ba. Ya ce wanda ya fitar da ita ba da gaskiya ba shi zai kai ta.

Na sayar da dawar gida shida, da akuyata, da kaskon suya. Zannuwan kuwa na bi gida-gida na mayar, ban je wa kowa ba, dawar ma ban mayar ba. Kowace matar gida na ja ta gefe na gaya mata abin da aka gani a jikin ƙanwata. Huɗu suka ce Allah ya sawwaƙe suka koma daka. Biyu suka nemi izinin zuwa gaisuwa Tudun Kaya. Gwaggon nan tawa sau uku ta mutu a makon nan.

A motar gyaɗa muka tafi, bisa buhuna, kanta a cinyata. Aka yi mata aiki. Na kwana a ƙasa kusa da gadonta har na daina ƙirga kwanaki. Muka dawo gida da ita a raye, ta ga damina biyu, ta yi kitso, ta ci nama da sallah. Ta uku ba ta gani ba.

Ranar addu'ar uku ina cikin gida tare da mata na jiyo muryar Malam daga zaure. Ya fito da katin yana nuna wa masu gaisuwa. Ku duba, in ji shi, likitocin Nasara ba su san komai ba. Da hannunsu suka rubuta lafiya lau, sannan suka yanka ta.

Na tashi ko lulluɓi ban gyara ba, na shiga zauren. Maza suka sunkuyar da kai.

"Malam, takardar ba ta yi ƙarya ba. Ta ce lafiya lau, to ga ni."

Na miƙa hannu.

"Ba ni. Tawa ce."

Ya ba ni. Tana nan har yau a cikin ƙullin kayana, ta yi laushi kamar tsumma. Ba na karatu, amma wannan na san abin da ke cikinta. Sunan ƙanwata ne a sama, lafiyata a ƙasa.