Gyara Biyu Ne

Ni tun ina yarinya ba ni da haƙurin tatsuniya. Iya, kakarmu, takan zauna bakin murhu bayan isha'i tana gasa ƙafa da sauran garwashin tuwo, mu kuma mun kewaye ta. Kafin ta rufe baki da "ga ta nan" na ce, "Ta zo, Iya, a wuce wajen."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Sabon kansila ya zo da jama'arsa bakin kududdufin bayan gidanmu, nan gindin Dala, inda kakanni suka haƙi ƙasar gina unguwa, inda muka koyi iyo. Duk ruwan damina can yake gangarawa, shi ya sa katangarmu ba ta taɓa jiƙa ba. Ya ce za a gyara mana shi, a yi matakala, a dasa itatuwa. Maza suka yi ta godiya.

A ranar Iya ta ba mu labarin guza. Wai ya yi wa kwaɗi sallama, ya ce gyara ya kawo shi. Suka yi murna. Ya ce, "Ku gyara in sa wutsiya." Suka matsa. Washegari, "Ku gyara in sa ciki." Suka matsa. Ranar da ya miƙe sosai, kwaɗi na kan tudu suna leƙen gidansu.

Na ce, "Shi ke nan? Ba wanda ya dake shi?"

Ta ce, "Ke dai uwar gaggawa. Ai bai yi ƙarya ba. Gyara biyu ne, su ne ba su tambayi wanne ba."

Matakala ba ta zo ba. Motocin shara ne suka zo, wai za a ɗaga gaɓa. Sai bulo, sai shaguna. Wata damina ruwa ya rasa gidansa ya shigo namu, ɗakin Iya ya zube. Allah Ya sa tana zaure.

Ɗan lungu guda ya rage na kududdufin, yara na iyo a ciki har yau. Kwanan baya wasu suka zo, wai masu adana tarihi ne, za su gyara shi. Ƙila da gaske suke, ban sani ba. Da shugabansu ya gama jawabi na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai gyara, ku ko mu?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni kuwa kullum da safe sai na leƙa ta katanga, in ga ko wutsiya ta shiga.