Nasihar Baffanmu

Jikata da ke karatu a birni ta zo hutu tana ba ni labari, wai yanzu akwai masu sana'ar zama da wanda baƙin ciki ya kayar, a yi ta magana har ya samu sauƙi, kuma wai ana ta bincike a gano ko abin yana aiki. Na ce mata wannan binciken ai mun riga su yinsa a Gwandu, tun Turawa ba su tafi ba. Mu ma muna da gwaninmu, kuma shi ma yana da hujjarsa.

Gwanin baffanmu ne, wan mahaifinmu, dillalin shanu. Mutum ne da Allah ya hore wa baki. Zai sayar maka da saniya gurguwa ka tafi kana gode masa. Da girma ya zo masa sai ya mai da bakin nan kan mutane: matar da ta yi yaji, saurayin da ya ƙi gona, wanda aka yi wa rasuwa ya kasa dangana, duk zaurensa ake kai su, har daga Kambaza da Masama. Hujjarsa guda ce, kuma kullum sai ya faɗe ta yana shafa gemu: duk wanda ya yi wa nasiha bai taɓa dawowa ba. Gaskiya ne kuwa. Ni da na taɓa zama a gabansa daga hantsi har azahar, ƙafafuna sun mutu, ban samu na ce uffan ba, na san dalilin da ya sa ba a dawowa.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ina amarya a cikin garin Gwandu, yayata da muke kira Adda tana aure a Kalgo, gidan manoman shinkafa. Wata damina ruwa ya cika fadama, ɗanta na fari ya bi yara wanka, ruwa ya tafi da shi. Bai kai shekara goma ba.

To a wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Adda kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, har ana misali da ita. "Kai yaro" take ce masa, shi ke nan. Ranar da aka kawo gawarsa ba ta zubar da hawaye ba, mata suka yi ta yabonta. Sai dai bayan an watse zaman makoki ta daina cin abinci. Takan ɗora tukunya ta zauna tana kallon bango har tuwo ya ƙone. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Mijinta, bawan Allah marar hayaniya, ya ɗora ta a jaki ya kawo ta gida, ya ce a taimaka masa.

Ni aka sa na raka ta zauren Baffa. Ya gyara zama a kan buzu, ya ɓare goro, ya fara. Ya yi mata tunin cewa wanda ya bayar shi ya karɓa, kuma wannan gaskiya ce da ba mai ja da ita, Adda ma ta san ta tun kafin ta iya daka. Daga nan ya gangara kan shanunsa da annoba ta kashe a zamanin ƙuruciyarsa, ya lissafa su da launinsu, ya ce shi bai zauna kallon bango ba. Ya ce tana da ƙuruciya, za ta haifi wasu. Ya ce abin kunya ne a ji 'yar gidanmu ta lalace a kan ɗan fari, sai ka ce ba ta da tarbiyya. Bai tambaye ta komai ba. Ko tari ta yi sai ya ɗaga hannu ya ce ta bari ya ƙare.

Da ladan ya kira azahar sai ya dube ta, ga mahaifinmu zaune, ga mijinta a bakin ƙofa, ya ce, "To ɗiyata, kin ji sauƙi ko?"

"Na ji, Baffa," in ji ta, kanta a ƙasa.

Wace 'ya ce za ta dubi wan ubanta a gaban mijinta ta ce ba ta ji ba? Amma shi ke nan, an rufe magana, magani ya ci. Da yamma gwaggonmu ta tsaya a kanta ta cusa mata fura, aka ce ga shi har ta fara ci. Baffa ya ba mijin umarni guda: kada a ƙara ambaton yaron a gabanta, a bar ta ta manta. Washegari aka mai da ta Kalgo. Na ji haushi ƙwarai, kuma ba ni da bakin faɗa.

Sai da kaka ta yi na samu zuwa, lokacin yankan shinkafa. Na tarar da ita tana aiki kamar jaka, daka, ɗiban ruwa, sussuka, ba ta zama. Uwar mijinta ta tare ni da yabon Baffa, ta ce a gaya masa hannunsa da albarka. Umarninsa kuwa sun bi shi har sun wuce gona da iri. Akwai wani yaron maƙwabta mai suna ɗaya da marigayin, sai da suka laƙa masa wani suna don kada a kira shi ta ji. Ƙwaryar da yaron yake shan fura da ita an ba da. Gida tas, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ita kuma tana amsa gaisuwa, tana murmushi inda ya kamata, idanunta kamar na wadda ta yi kwanan zaune.

Wata rana da hantsi muka ɗauki abincin masu yanka zuwa fadama, mu biyu. Ruwa ya janye, ƙasa ta fara tsagewa. Da muka yi nisa da gari, ba kowa sai balbelu, ta sauke ƙwaryarta a gindin wata giginya. Na zaci gajiya ce. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke ba ki da kunyatai. Hwaɗi sunanai in ji."

Na faɗa. Ta ce in sake, na sake. Na yi ta faɗa, ita kuma tana tsaye ta dafa giginyar. Sannan kukan ya zo, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta durƙushe a kan busasshiyar laka. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, don an gaya mata wannan har ya ishe ta. Na zauna kusa da ita, tuwon masu yanka yana ta hucewa.

Da ta lafa sai ta ce tun ranar suna take riƙe da sunan nan a bakinta, tana jiran ya girma ya yi aure, wataƙila wata rana su biyu kaɗai ta kira shi da shi. "Ya tahi bai taɓa jin shi ga bakina ba," in ji ta.

Na ce to ta faɗa yanzu, ba kowa a nan, ni kuma ba zan gaya wa kowa ba. Ta share fuska da gefen zane, ta juya wajen gulbi, ta buɗe baki. Na ga leɓɓanta suna ƙoƙari. Ta daɗe a haka. Abin da ya fito a ƙarshe, a hankali, shi ne, "Kai yaro."