Talatin, Ɗari Biyu, Dubu, Sai Yatsuna Biyu

Salama gare ku, masoya da 'yan sa-ido. Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba, har na ji a Gangare an yanke min ƙafa, a Laranto kuma an yi sadakar ukuna. To ga ni. Ƙafa tana nan, yatsu biyu ne suka riga ni tafiya.

Ga wanda bai san ni ba, turare nake sayarwa a kasuwar Laranto, nan Jos. Ina da ciwon suga, ina shan ƙwayar asibiti. Sabon takalmi ne ya goge min yatsa, ciwo bai fi ƙwayar wake ba, amma ya ƙi warkewa.

Wata kwastoma ta kai ni unguwar Rayfield wurin wani mai maganin homiyofati, wani salon magani ne da ba na asibiti ba. Ofis fes, kwalabe a jere, Turanci ba gargada. Awa guda yana tambayata: sanyi nake so ko zafi, ta wane ɓari nake kwanciya. Ƙafar kuwa daga kujerarsa ya leƙa ta.

Ya ba ni 'yan ƙwayoyi farare kamar gero. "Hajiya, da ƙarfin talatin za mu fara. Uku ƙarƙashin harshe, safe da yamma."

Ba zan yi masa ƙarya ba, bai ce in bar ƙwayar asibiti ba. Ni na bari da wayona. Da na gaya masa, murmushi kawai ya yi.

Mako biyu, ciwo ya buɗe. Ya ce, "Madalla, cutar ce ke fitowa. Mu hau ɗari biyu."

Kan 'yar kasuwa ai ya san ɗari biyu ta fi talatin. Na karɓa har da godiya.

Ƙafa ta kumbura. Da na koma sai ya shinshina iska. "Ƙamshin nan naki ne ke kashe maganin. Ki nisanci turare." Na rufe shago. Humra, turaren wuta, miski, duk na fitar daga ɗakina.

Ranar da ya ɗauko ƙarfin dubu na ce, "Oga Dokta, me ke cikin dubun nan da babu a talatin?"

Ya gyara zama. Wai ɗigo ɗaya za a sa a ruwa, a girgiza, a ɗebi ɗigo daga ciki a sa a sabon ruwa, a sake girgizawa. Yawan maimaitawar ita ce lambar.

Na ce, "Dokta, a kasuwa surki muke kiran wannan. In na yi wa miski haka, da tsintsiya za a kore ni."

Muka yi dariya. Kuma na karɓa na sha. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Amfanin da haninsa ya yi min ɗaya ne: da ƙamshi ya bar ɗakin, hancina ya ji abin da turare ke rufewa. Na san warin. Na sa safa biyu na ce sanyin Jos ne.

Kwana uku ina wannan ƙaryar sai ga Maman Rifkatu, maƙwabciyata a kasuwa mai dankalin turawa, ta zo dubiya bayan coci. Ba ta ko zauna ba, ta janye safar.

"Hajiya, kin haukace? Tashi!"

Na ce ina kan ƙarfin dubu. Ta ce, "Ko miliyan ne. Keke napep yana waje."

A asibiti na'urar awon suga ta kasa nuna lamba, abin ya wuce lissafinta. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙafa, aka sa ƙarin ruwa da allurar insulin. Likitar, sa'ar 'yata, ta ce, "Mama, yau yatsu biyu ne. Da kin ƙara mako, daga gwiwa za mu fara magana."

Na ce, "Likita, a yi min ragi, a ɗauki ɗaya."

"Nan ba Laranto ba ne, Mama."

Na sa hannu a takarda. Tsoro na ji, ba kaɗan ba.

Mako biyar a gado. Wankin ciwo kowace safiya, ina cizon mayafi. Sarƙar zinariyata ta tafi a kuɗin magani, ban bi ta da kallo ba.

Na san masu kare Oga Dokta za su cika min ƙasan rubutun nan, wai ban dace da lambar jikina ba. Ku zo. Uku na gwada, ga sakamakon a cikin silifas ɗina.

In kana da suga, duba tafin ƙafarka kullum. Ciwon da ya ƙi rufewa, asibiti, ba gobe ba. Kada ka ajiye maganin likita don wani. Duk wanda ya ce ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce, ɗauki jakarka. Kuma ka tambayi me lambar kwalba ke nufi, sannan ka ji amsar, kada ka yi irin tawa.

Godiya ga Allah, ga likitar da ta ƙi ragi, ga nas-nas, ga Maman Rifkatu.

Litinin zan buɗe shago, a jiƙe da humra tun daga bakin titi. Yatsu takwas sun ishe ni zuwa Laranto.