Maganin da Kawu Ya Ɗauke

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu aiki na manta da mutane, a'a, kwance nake.

Da atuni abin ya fara, bayan na gama jami'a na dawo Madarumfa. Atunin ya tsaya da kansa. Sai zazzaɓi, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama mai harbawa har kafaɗa. Sinadaran jiki na karanta, don haka ina kwance ina jera cututtukan da za su iya kashe ni.

A Maradi aka ɗebi jini, aka yi mini ekografi, wato hoton ciki. Lokotoro, wato likita, ta nuna mini hoton. "Ƙurji ne a hantarka, ƙwayar cutar amiba ce ta hau daga hanji. Kada ka yi wasa, yana iya fashewa." Ta rubuta metronidazol.

Lokacin iyaka na rufe, manyan ƙasashen yankin suna gwada ƙwanji, magani ya yi wuya. Yayata Rabi ta sha yawon farmasi kafin ta samo.

Kawu Issa, ƙanen innarmu, wanda kullum yake raba duniya a fadar shayi, ya juya kwalin ya karanta ƙasar da aka yi shi.

"Na maƙiyanmu ne! Su rufe muna hanya, kuma mu sha ƙwayarsu?"

"Kawu, hanta ce fa," in ji Rabi.

"Ke mi kika sani ga siyasa?"

Zazzaɓi ya rufe ni, Kawu ya ɗauke kwalin. Ya kawo wa Inna wasu ƙwayoyi a leda daga mai talla, wai na ƙasar abokanmu ne. Ba suna, ba ranar lalacewa. A kunu take ba ni, ban sani ba.

Da aka mayar da ni asibiti ba na iya miƙewa. Da allura aka zuƙe mugunyar, ina kallo, ina kalmar shahada.

Ga yadda maganin gaskiya ke aiki. A jikin amiba akwai furotin mai ɗan ƙullin ƙarfe da farar wuta. Ƙullin nan ne ke tayar da maganin ya zama guba a cikinta. In babu sinadarin a ƙwaya, babu abin da zai tayar, ko tutar wa aka manna.

Kawu ya zo dubiya. Bai tambayi hantata ba. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana bayyana wa masu ƙarin ruwa ƙasar da za ta durƙusa.

Na warke, alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, da lokotoro, da Rabi da ta sake zaga garin ta samo maganin gaskiya.

In kun ga jini a bayan gida, ku je a gwada, ko ya tsaya. Kada ku sha ƙwayar da ba ta da suna. In kuma akwai masanin siyasar duniya a gidanku, ku ajiye maganinku ƙarƙashin matashi.