Dutsen Niƙa a Ƙarƙashin Laka

A Kontagora nake zaune yanzu, a ɗakin da ɗana ya gina mini, amma ko gyangyaɗin rana na yi, fadama nake gani. Daga gari ka nufi yamma, hanya tana ta gangarawa, jar ƙasa ta ƙare, baƙa ta fara, har ka ji sanyin Kwara tun ba ka gan ta ba. A can ƙauye yana jin dakan ƙauye. Zakaran wani gari ne yake tashin mu. Shinkafa, rake, albasa, duk abin da ka jefa sai ya tsiro, shi ya sa ba a barin ko faɗin tabarma ba a noma ba.

Kowace damina ruwa yakan hau ya kwanta a kan gonaki. Da safe tururi yana tashi a kansa, kwale-kwale yana ratsawa ta saman gonata, giginyu suna tsaye cikinsa kamar mata sun zo wanka. In ya janye sai ya bar laka mai laushi, ya kuma shafe kowace iyaka. Don haka magabata suke binne dutse a kusurwar gona. Uwata da maƙwabcinta, wani Bakambare, sun binne tsohon dutsen niƙanta a tsakaninsu, daidai gindin wata giginya. Ni ban taɓa tono shi ba. Giginyar nake duba, in kafa sanda, in ja kunya.

Wata shekara, bayan su biyun sun rasu, na iske ɗan Bakambaren ya kafa sandarsa taki huɗu cikin gonata. Magidanci ne, da furfura a gemu, amma a gabana aka yaye shi.

Na ce, "Ɗan nan, idonka ne ya yi laka, ko kunyar ce ruwa ya tafi da ita?"

Ya ce, "Inna, ni fa inda babana ya nuna mini na tsaya. Ke kuma kowace shekara gonarki ƙiba take yi."

Taki huɗu a fadama abincin gida ne. Na ce a tono dutse, kowa ya gani.

Muka fara daga wajena. Ya yi ta haƙa a gindin giginya har rami ya kai masa ƙugu, ba komai sai laka, shimfiɗa kan shimfiɗa, ta kowace shekara da launinta. Ina tsaye ina kallo, sai na ga kamar daminun rayuwata ne aka jera. Sannan ya koma wajen sandarsa. Can ƙasa fartanya ta ci karo da ruɓaɓɓen kututture, a gefensa kuma dutsen, da lotsawar da hannun uwata ya yi masa.

Nan na tuna. Giginyar uwata ta faɗi a wani babban ruwa, ina goyon fari. Wadda nake dubawa 'yarta ce, da ta tsiro gaba kaɗan. Tun mahaifinsa yana da rai nake noma ƙasarsu, tsohon bai taɓa ce mini uffan ba.

Ya share gumi ya ce, "Inna, bar shi. Mu raba biyu."

Na ce, "Uwata ba ta binne rabin dutse ba."

Da hannuna na cire sandata, na mayar da ita baya taki huɗu. Na shafa dutsen, sanyi ƙalau, muka mayar da laka a kansa.

Yanzu jikokinmu ne suke noma wurin, na kuma nuna musu kututturen, ba giginyar ba. In na lumshe ido sai in ga ruwa ya kwanta fari fat har bakin sama, dutsen yana can ƙasa, a inda aka ajiye shi.